Gilashin da ke komawa ƙasa da kansa ba lalacewa ya yi ba



Da hunturu ya kama, kukan masu mota ɗaya ne: ka taɓa buton sau guda, gilashi ya hau, kafin ya rufe ya dawo ƙasa. Sai a ruga wajen mai gyaran wuta, ya haɗa wayoyi kai tsaye, wai an gyara.

Mu dai ba mu yarda ba. Cikin ƙofar akwai na'urar da ke lura da juyin ɗan injin ɗaga gilashi. Da ta ji nauyi sai ta ɗauka hannu ne ko wuyan yaro, ta saki. Da Faransanci anti-pincement ake ce mata. Ƙurar da ta cika robar gefe ke ruɗa ta, a share robar. In batir aka canza, iyakarta ta mance: a motoci da dama, ka ɗaga gilashi har ƙarshe, ka riƙe buton ƴan daƙiƙu.

Wanda aka haɗa kai tsaye kuwa ba ya jin komai. Ga ƴaƴanmu a kujerar baya, kullum kai waje suna kallon ƴan kabu-kabu. Malam direba, makullin gilashi na gefenka, danna shi. In gwaji za ka yi, sa gorar ruwa, kar ka sa yatsa.