A Daina Gaggawar Hura Wuta

Tsofaffin ma'aikatan reluwe na Ebute Metta, waɗanda suka yi zamani da jirgi mai cin kwal ɗin Inugu, sun san dokar: in an sabunta tubalin murhun tukunyar tururi, ba a sakar masa babbar wuta nan take. Laimar da ke cikin ginin, da ta kai digiri 100, sai ta zama tururi, ta kumbura fiye da ninki 1,600, ta tsattsage tubalin. Ko maginiyar tukwane sai ta shanya kayanta kafin gashi.

To, don me wasu masu masana'antu a Ikko ke matsa wa injiniyoyi su tayar da tukunya rana guda? Lebura ne ke tsaye bakin murhun. Muna kira ga Gwamnati ta tura sufetoci, kada a ƙara wuta sai gini ya bushe.