Tsohuwar A-Kori-Kura da Tsadar "A Lallaɓa Ta"

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, ko ya bi hanyar Maigatari ranar Alhamis, ya san ƙarar tsohuwar a-kori-kura. Tun da asuba take fitowa daga ƙauye, bayanta ya duƙa ƙasa da buhunan masara, yaron mota na zaune a can ƙololuwa, ga jarkar ruwa a rataye saboda lagireto. Wannan mota ita ce ke haɗa gona da kasuwa a yawancin ƙasar Hausa, kuma yau kuɗin riƙe ta na neman gagarar masu ita.

Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da ƙirar 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita ta gaje ta a hanyoyin karkara. Dukansu an yi su da juriya da sauƙin kwancewa, shi ya sa bakanike a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ke iya sauke injinsu da sifana kaɗan. Sai dai wannan juriyar ce ta koya wa mutane mummunar ɗabi'a. Mota na nuna alamar ciwo, mai ita na cewa bakanike, "Oga, a lallaɓa ta dai ta kai mu kasuwa." Mafi yawan manyan kuɗaɗen da ake kashewa a gareji daga wannan jimlar suke farawa.

A ɗauki zafin inji, wanda shi ne ciwon da ya fi addabar tsofaffin motoci a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40. Farkonsa ƙaramin abu ne: robar ruwa ta tsage, ko fambel ya saki, ko murfin lagireto ya daina riƙe iska. Maimakon a canza, sai a riƙa ƙara ruwan rijiya a kowace tsayawa. Ruwan rijiya na barin datti da tsatsa da ke toshe ƙananan bututun lagireto. Wasu kanikawan kuma na cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa su jefar, wai ta ƙasashen sanyi ce. Ranar da allurar zafi ta kai ja a kan hawa da kaya, gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, musamman na 504 da aka yi da alminiyom. Daga nan sai a ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Gyaran da zai ci kuɗin roba ɗaya ya koma sauke inji, da kai kan silinda wurin masu goge shi, da sayen gasket da sabon mai, da kwanaki ba aiki.

Ƙura ma na da nata kason. Lokacin hunturu matatar iska kan toshe cikin 'yan makonni a hanyar burji. Mai mota ya sa a karkaɗe ta a mayar, wani ma ya cire ta gaba ɗaya. Ƙurar da ta shige inji tana cinye ringi da bangon silinda kamar an goga musu yashi. Alamarta shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai. Idan aka haɗa da man kwalba na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, da fetur ɗin 'yan bumburutu mai datti da ke toshe kafireto, inji ba zai kai rabin kwanansa ba.

Masu tsohuwar Hilux mai shan gas na da wani abin lura na musamman. Injinanta irin su 3L da 5L da bel suke daidaita tafiyar bawul da fistin, kuma kamfanin ya ce a canza shi duk kilomita 100,000. Bel ɗin ba ya yin gargaɗi. Idan ya tsinke mota na gudu, fistin ya daki bawul, sai a nemi kuɗin rabin inji.

Sai babbar magana, wato lodi. An ƙera waɗannan motoci su ɗauki kimanin tan ɗaya, buhu goma ke nan na masara mai kilo 100. A tasha ana ɗora musu ninkin haka, mutane kuma su hau sama. Idan sifirin ya karye, sai a je wurin mai walda a ƙara ganye biyu ko uku. Motar ta miƙe a ido, amma nauyin ya koma kan boris na ƙafafun baya, da aksul, da kuloci, da shasi wanda ke fara tsagewa a hankali. Birki kuwa ba wanda ya ƙara masa ƙarfi. Nan ne maganar ta wuce asarar kuɗi ta zama ta rayukan mutanen da ke zaune kan buhuna. Haka tayoyin gwanjo: kowace taya na ɗauke da lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu.

Masu motoci na da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ga haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala da ake canzawa wajen naira 750 a kasuwar bayan fage ta wuce 1,500 a 2024. Kayan gyaran da kuɗinsa dala 100 ne ya tashi daga kusan naira 75,000 zuwa sama da 150,000, tun kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Sabuwar Hilux kuwa sai mai gomman miliyoyi. Mutumin da ke ciyar da gida da cinikin yini ba zai ji daɗin a ce masa ya ajiye mota kwana uku ba.

Amma wannan tsadar ita ce dalili mafi ƙarfi na barin gyaran jeka-ka-dawo. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kaya iri uku ake miƙo wa mai saye: sabo na asali, da ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai araha wanda kwalinsa kawai ya yi kama da na asali. Wanda ya ɗauki na ukun zai biya kuɗin aiki sau biyu, ya rasa kasuwa biyu, wataƙila ya biya kuɗin janwe daga daji. Araha ba ta ado, balle a birki da boris.

Akwai abin da kowa zai iya yi. Mai mota ya ware wani abu daga cinikin kowace ranar kasuwa, ko ya shiga adashin gyara da abokan tasha, ya kuma ajiye ɗan littafi a mota da ke nuna ranar juyen mai da canjin bel. Bakanike ya faɗa wa mai mota gaskiyar abin da faci zai jawo kafin ya ɗauki sifana. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke karɓar kuɗi a kowace tasha, tana da ikon ƙayyade yawan buhunan da za a ɗora. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta riƙa shiga kasuwannin kayan gyara a kai a kai, ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma ta samu tallafin gwamnatocin jihohi don horar da yaran gareji.

Kaka na zuwa da lodi mafi nauyi na shekara, a kan hanyoyin da damina ta farfasa. Makonnin da suka gabace ta su ne lokacin da ya dace a wanke lagireto, a canza matatar iska, a duba birki da boris, a karanta lambobin da ke gefen taya, tun buhunan farko ba su iso bakin hanya ba.