Algaitar Sukotlan da Duwatsun Birnin Kudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ranar hawan Sallah a Birnin Kudu ko Gwaram ya san abin al'ajabin da ke cikin sana'ar: kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci, amma busar ba ta yankewa. Mutanen Sukotlan wannan sautin suka nema ta wata hanya. Sun ɗinka jaka suna hura mata iska, su matse ta a hammata, ita kuma ta riƙa ciyar da bututu huɗu, uku masu ruri da murya guda, ɗaya mai ramuka inda yatsu ke wasa. Aikin da jaka take yi musu, namu da kunci yake yin sa.

A watan Agustan 2019 na zauna cikin 'yan kallo fiye da 8,000 a filin da ke gaban tsohuwar fadar Edinbara, inda aka fara taron badujalar soja a 1950. Filin ba shi da rufi, ga sanyi mai ratsa ƙashi, wai kuma bazararsu ke nan. Masu busa suka fito daga ƙofar fada sahu-sahu, ganguna na biye, ƙafa ɗaya tamkar mutum guda. A shekarar har badujalar rundunar da ke tsaron fadar shugaban Najeriya ta yi wasa, aka yi mata tafi mai yawa. Daga ƙarshe aka rage fitilu, mai busa ɗaya tak ya tsaya a kan ganuwa yana juyayin mazan da suka faɗi a fagen fama. Ko tari ban ji ba.

Ba zan ce busarsu ta fi tamu daɗi ba, domin kunnena bai yarda ba. Tsari suka fi mu. Rundunar sojan Birtaniya tana da makaranta sukutum a Edinbara don koyar da wannan busa da kiɗan ganga, kuma ɗalibi yana fita da shaida da albashi. Mai algaitarmu kuwa kyautar hakimi da ta masu biki yake jira, shi ya sa ɗansa yake gwammace acaɓa. Wa zai ga laifin yaron?

Ga kuma abin da Edinbara ba ta da shi. A Birnin Kudu akwai duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa, kusa da zanen shanun da mutanen da suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A 1955 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu, masana na duniya suka san da su. Yau ɗalibai nawa ne a garin suka taɓa jin amonsu?

Shawarata ga Masarautar Dutse da gwamnatin Jigawa ba mai tsada ba ce. A fara da rubuta sunayen masu algaita da kakaki da tambari da suka rage a gundumomin Birnin Kudu da Gwaram, a yanka wa duk wanda ya ɗauki almajiri ɗan alawus. Sannan a keɓe dare ɗaya bayan kaka, a shimfiɗa tabarmi a gindin Dutsen Habude, a gayyato badujalar 'yan sanda ta buɗe fage, masu algaita su biyo baya, a rufe da kiɗan dutsen.