Wurin tsare kare mai cizo: aiki ne na kiwon lafiyar jama'a

Duk ranar 28 ga watan Satumba, ƙasashen duniya suna bikin yaƙi da ciwon haukan kare. An zaɓi wannan rana ne domin tunawa da rasuwar Luwi Fasto, masanin nan na Faransa, wanda ya fara yi wa ɗan Adam allurar wannan ciwo a shekarar 1885. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen dubu 59 kowace shekara. Kashi 95 cikin ɗari na mamatan a Afirka da Asiya suke, kuma kusan dukansu ta hanyar cizon kare ko yakushinsa suka kamu. Yara ƴan ƙasa da shekara 15 su ne wajen kashi 40 cikin ɗari. A shekarar 2018 OMS da abokan aikinta sun ɗauki alkawarin ganin bayan wannan mutuwa kafin 2030.

A garuruwanmu, in kare ya ciji yaro, abin da aka saba shi ne matasa su bi shi da duwatsu da sanduna har ya mutu. Zuciya ta huce, amma an kashe babban mai shaida. Ga dalili: ƙwayar ciwon tana bayyana cikin miyan kare kwanaki kaɗan kafin haukan ya fito fili, kuma kare ba ya daɗewa bayan haka. Saboda haka, in aka tsare shi kwana 10 aka gan shi lafiya lau, yana ci yana sha, to, an tabbata bai ɗauke da ciwon a miyansa ranar da ya yi cizon. Dokar Faransa ta ƙara tsanantawa: kwana 15, tare da kai shi gaban likitan dabbobi sau uku. Ta kuma wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta tanadi wurin tsare karnukan da ke yawo.

Kada a yi kuskure a nan. Wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana 10 ba. Nan take a wanke ciwon da ruwa da sabuni har tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya gidan likita a fara allura. In kare ya fita lafiya, likita na iya dakatar da sauran alluran. Iyali sun huta da kashe kuɗi da zaman fargaba. In ya mutu a tsare, an san gaskiya, sai a nemo dukan waɗanda ya taɓa. Ciwon yakan kwanta wata biyu zuwa uku a jikin mutum, amma da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira.

To, ina za a tsare karen, kuma wa zai kama shi? Wurin ajiyar da ba shi da tsari yana iya zama matattarar cuta. Ko na hukuma ne, ko na likitan dabbobi mai karɓar ajiyar karnukan matafiya, ƙa'idodin ɗaya ne.

Na ɗaya, kowane kare da ɗakinsa. Wanda ake tuhuma a ware shi nesa da sauran, kuma kada a karɓi karen ajiya sai da takardar allurarsa.

Na biyu, ma'aikaci ya sami allurar rigakafi tun kafin ya fara aiki, a ba shi safar hannu mai kauri, da takunkumi, da doguwar sanda mai zarge. Ba a kama karen da ba a sani ba da hannu tsirara.

Na uku, a koya masa karanta halin dabba. Karen da ya ƙame, ya kwantar da kunnuwa, ya yage leɓe yana gurnani, gargaɗi yake yi. Ba a zura masa ido, ba a matsa shi cikin lungu, ba a taɓa shi yana cin abinci. Yawancin cizo daga tsoro yake fitowa, kuma duka ba ya ƙara wa kare komai sai tsoro.

Na huɗu, inuwa da ruwa su wadata, musamman a watannin Afrilu da Mayu, domin kare ta haki yake rage zafin jikinsa. A wanke ɗakuna kullum.

Na biyar, a riƙe littafi: ranar shigowa, sunan mai kare, wanda aka ciza, da abin da aka gani kowace safiya.

Sai dai tsarewa magani ne na bayan aukuwa. Zuba wa karnuka guba a tituna ma bai taɓa kawar da ciwon ba, don wasu ne ke cike gurbinsu. Abin da masana suka tabbatar shi ne yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura. Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada a Injamena a shekarun 2012 da 2013. Ciwon ya ɓace daga birnin watanni da dama, sai karnukan da aka shigo da su daga waje suka maido shi. Darasin a fili yake: gari ɗaya ba ya tsira shi kaɗai. A shekarar 2019 kuwa OMS ta shaida cewa ƙasar Meziko ta raba jama'arta da wannan ciwo na cizon kare, bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata magadan gari, da ma'aikatan kiwo, da na kiwon lafiya, da sarakunan gargajiya su zauna tun yanzu su tsai da wurin tsarewa da mai kula da shi a kowace gunduma. Mai kare kuma, mafarauci ne ko makiyayi ko mai gadin gida, ya sani cewa allurar karensa kariya ce ga ƴaƴansa da na maƙwabcinsa.