Su Ma Sun Ga Tsagewar Bangon

In kun sayi riga a gwanjo, ku juya wuyanta ku duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka a ciki. Sau da yawa za ku ga sunan Bangladesh. Ƙasa ce mai maƙwabtaka da Indiya, wadda fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da take sayarwa waje tufafi ne. Mutum wajen miliyan 4 ke neman abinci a masana'antunta na ɗinki, galibinsu mata. A kan waɗannan mutane nake so mu yi tunani.

Ran 23 ga Afrilu, 2013, aka ga bango ya tsage a wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza, a garin Savar kusa da Dhaka, babban birnin ƙasar. A ƙasa akwai banki da shaguna, a sama kuma masana'antun ɗinki guda 5 masu yi wa manyan kamfanonin Turai da Amurka aiki. Injiniya ya duba, ya ce ginin ba shi da lafiya. Bankin da shagunan suka rufe. Amma washegari aka tilasta wa masu ɗinki su koma bakin kekunansu, aka ce wanda ya ƙi ba zai ga albashinsa ba. Da wuta ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretoci a saman benen, ginin ya girgiza ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka ji rauni.

Da yawa a cikinmu za su ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni ban yarda ba. Gini ɗaya ne, tsagewa ɗaya ce, kowa kuwa ya gan ta. Ma'aikacin banki ya kwana a gida, mai ɗinki ta kwana a ƙarƙashin siminti. Ba ido ta rasa ba, ikon cewa "ba zan shiga ba" ta rasa. A lokacin mafi ƙarancin albashi taka 3,000 ne a wata, wajen dala 38. Mai irin wannan albashi, ga haya ga yara, da me za ta yi gardama da manaja?

Ba kuwa wannan ne na fari ba. A watan Nuwamba 2012 gobara ta kashe aƙalla mutum 112 a masana'antar Tazreen a Bangladesh, domin ba su sami ƙofar fita ba. A watan Satumba na shekarar, fiye da mutum 250 suka ƙone a Ali Enterprises a birnin Karachi na Pakistan, makonni kaɗan bayan masu bincike sun ba masana'antar takardar shaidar cewa kome lafiya. Takarda ba ta buɗe ƙofar da aka kulle.

To, mu daina sayen kayan ke nan? A'a. In ciniki ya tsaya, matan nan ne za su fara rasa abinci. Abin da ya yi amfani shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a watan Mayu 2013 tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanoni, waɗanda daga baya suka haura 200. Ta ba masu bincike masu zaman kansu iko su shiga masana'antu fiye da 1,600, ta sa kamfanin da ya karya alkawari yana iya fuskantar shari'a, ta kuma rubuta baƙi da fari cewa ma'aikaci yana da 'yancin ƙin aiki a wuri mai haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba. A 2023 aka kai irinta Pakistan.

Duk da haka da sauran aiki. A 2023 ma'aikata sun nemi taka 23,000, aka ba su 12,500, waɗansu kuma suka rasa rayukansu a zanga-zangar. An gyara bango, amma bakin ma'aikaci bai gama buɗewa ba.

Iyayenmu dattawa, ku da ake kawo wa ƙara, da mu masu shagon ɗinki da yara masu koyon aiki, wannan magana ta shafe mu. In aiki ya yi yawa gab da Kirsimeti, muna kulle yara a shago su kwana suna ɗinki, janareta na hayaƙi a bakin ƙofa? Yaron da ya ce wayar wutar nan tana tartsatsi, muna saurararsa ko muna korarsa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ke aiki a ƙarƙashinmu, bari ya san cewa zai iya cewa a'a, gobe kuma ya dawo ya tarar da kekensa yana jiransa.

Allah ya ba mu kunnen ji.