Tangaran ɗin da wai nukiliya ba ta cin sa

Shekaranjiya wani abokina ya turo min labari, wai an samo tangaran da tururin nukiliya ba ya yi masa komai, don haka sai Najeriya ta yi maza ta gina tasharta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma gishirin ya yi yawa.

Abin da ake magana a kai wani dangin tangaran ne da ake kira MAX. Ba sabo ba ne. Tun shekarun 1960 Hans Nowotny da ɗalibansa suka gano shi a Biyana, sai a 1996 Michel Barsoum na Jami'ar Drexel a Amurka ya haɗa shi tsantsa, duniya ta waiwayo. Ƙirarsa hawa-hawa ce kamar ginin bulo: layin titaniyam da kabon mai tauri, sai siririn layin alminiyam ko silikon a tsakani kamar siminti. Shi ya sa yake jure zafi irin na tangaran, kuma yana ɗaukar wuta da zafi, yana yankuwa kamar ƙarfe.

Bayan haɗarin Fukushima a Japan a 2011 ne aka ƙara zura masa ido. Bututun da ake ɗura yuraniyam a ciki na zirkoniyam ne. Da ruwan sanyaya ya yanke, bututun suka yi zafin da ya wuce kima, suka haɗu da tururin ruwa suka fitar da iskar haidurojin, ita ce ta tarwatsa gine-ginen. Sai aka shiga neman abin da za a shafe bututun da shi, ko a maye gurbinsa.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikin tukunyar nukiliya niyutron ne ke dukan kayan dare da rana. Gwajin niyutron na gaske yana cin shekaru, yana cin kuɗi, kuma abin da aka gwada ya fito da guba, sai dai a taɓa shi daga bayan katanga. Don haka masu bincike suka fi amfani da ayon: a harba ƙwayoyin zinare, kiripton ko hiliyam da na'ura, cikin 'yan awanni a yi ɓarnar da niyutron zai yi a shekaru. Kamar bugun farko a wasan sunuka, ƙwallo ɗaya ya watsa sauran.

Kuma gaskiya tangaran ɗin ya yi abin a yaba. Idan aka doke shi, ƙwayoyin titaniyam da na alminiyam sukan yi musayar gurbi, tunda girmansu ya yi kusa, sai tsarin ya shanye dukan bai narke ya zama dambu ba. Mai alminiyam ma ya fi mai silikon juriya. Amma wannan hawa-hawan da ake yabo, shi ne kuma lagonsa. Yana kumbura ta kauri, yana tsukewa ta faɗi. Shi kuwa dunƙulen ƙananan tsaba ne cunkushe, kowace ta fuskanci gabanta. Wannan ta tura gabas, waccan ta tura arewa, sai tsaga ta bi iyakokinsu. Idan ana harbin cikin zafi mai yawa, ƙwayoyin kan samu su koma gurbinsu, ɓarnar ta ragu. A ƙaramin zafi kuwa tsagar ta fi bayyana. Kun ga ke nan wanda ya ce "ya jure" bai faɗi komai ba sai ya faɗi a zafi nawa.

Sannan shi ayon iyakar shigarsa 'yan maikuron kaɗan ne, bai kai kaurin silin gashi ba. Niyutron kuwa ratsawa yake gaba ɗaya, yana ma mayar da wani sinadari ya koma wani. Duka dubu a rana ɗaya ba daidai yake da duka ɗaya kullum na shekara uku ba. Gwajin ayon rariya ce ta tankaɗe marasa kyau, ba takardar shaida ba ce.

Akwai kuma ruwa. Fatar da alminiyam ke yi ta kare shi a tururi mai tsananin zafi, a hankali take narkewa a ruwan tukunya na yau da kullum mai zafin kusan digiri 300. Har yanzu dai abin da kamfanoni suka fi rungumar gwadawa shi ne zirkoniyam ɗin nan da aka shafa wa kuromiyam, kuma tun 2019 yana cikin wasu tashoshin Amurka.

Ni fa ba na adawa da nukiliya, wanda ya kwana cikin zafin Afrilu babu wuta ba zai yi ba. Damuwata ita ce mu masu saye ne, ba masu ƙerawa ba. Muna da ƙaramar tukunyar bincike a Zariya tun 2004, akwai na'urar harba ayon a Ile-Ife. Ba za su tabbatar da bututun tasha ba, amma sun isa a horar da yaran da za su zauna gaban mai sayarwa su tambaye shi: da ayon ka gwada ko da niyutron, a zafi nawa, cikin ruwa ko a bushe, na tsawon wane lokaci? Abokin nawa na tura masa waɗannan tambayoyin ya nemo amsarsu a labarin da ya turo. Har yanzu ina jiran sa.