A kira sunan mai ɗari biyu ma

Duk gidauniyar da aka kira a unguwar nan, Alhaji mai miliyan kaɗai ake kwarara wa kirari a lasifika. Mai ga-ruwa da ya miƙa ɗari biyu, ko sannu babu. To, mu ji yadda aka kafa Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York.

Faransawa suka ƙera shi kyauta, da sharaɗin Amurkawa su gina dandamalin da zai tsaya a kai. Ana cikin gini kuɗi suka ƙare. Majalisa ta ƙi bayarwa, gwamnan jihar, Grover Cleveland, ya hana dala 50,000, attajirai suka yi kunnen uwar shegu.

A 1885 sai Joseph Pulitzer, baƙo ɗan Hangari, ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya bayar a jaridarsa, ko kwabo ne. Mutum fiye da 120,000 suka tara dala 100,000, yawancinsu ƙasa da dala ɗaya suka bayar. Aka gama dandamali, aka buɗe a 1886.

'Yan kwamiti, ku karanta sunan kowa, ko ku daina cewa talakawanmu marowata ne.